Amarya a Gidan Ruwa

Ƙanwata ta dawo daga bakin dam da kula cike da ƙanƙara da robobi. Kowace roba da ruwa a ciki, wani garau, wani kamar kunun kanwa, wani kore shar kamar an kaɗa kuka. A jikin kowace an manna takarda da rubutu. Gwaggo tana kan tabarma tana tsince shinkafa, ta bi robobin da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wai karatun da ake ta zuba wa kuɗi ke nan? Ɗiban ruwa? Ai tun kina 'yar shekara bakwai kika iya, ba mu biya ko sisi ba."

Ƙanwata ta yi dariya. "Gwaggo, halin ruwan muke koyo, da abubuwan da ke cikinsa, da yadda suke zama da juna."

"Au," in ji Gwaggo, "zaman gida." Ta mayar da kai kan shinkafarta.

Ni da aka kai gidan yawa ina amarya, nan take na ji inda maganar ta dosa. Daren da za a kai ni, wannan Gwaggon ce ta zaunar da ni ta yi mini huɗuba. Ta ce gidan da za ni ya fi mutum talatin, don haka shekarar farko ido da kunne ne nawa, baki na masu gida ne. In san mai dafawa, in san mai rabo, in san mai ci da fari da mai suɗe kwano. Kada in yanke wa kowa hukunci sai na ga gidan da damina na gan shi da rani, na ga ranar da rumbu ya cika da ranar da aka share gindinsa. Tun daga ranar robobin nan nake zama kusa da ƙanwata in ta buɗe littattafanta, kuma duk darasin da ta warware mini sai in tarar da shi a cikin huɗubar Gwaggo.

Ana koyar da wannan ilimi a sassan nazarin kifi na jami'o'i irin su Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, inda ɗalibi kan yi shekara biyar, haka kuma a sassan nazarin halittu da dabbobi, inda kan yi huɗu. Tushensa bai wuce maganar Gwaggo ba. A 1887 wani masani ɗan Amurka, Stephen Forbes, ya kwatanta tafki da ƙaramar duniya, ya nuna ba za ka fahimci kifi ɗaya ba sai ka san abin da yake ci da abin da ke cin sa. Wanda ake ɗauka uban fannin kuwa, François Forel, likita ɗan Suwizalan, tafki ɗaya ya riƙe, Tafkin Janiba, ya rubuta mujalladi uku a kansa tsakanin 1892 da 1904. Ya zauna a gida ɗaya tun yana amarya har ya zama uwargida.

Darasin farko shi ne sanin masu girki. A gidan ruwa ba a ganinsu da ido. Ƙanwata ta ce ranar da aka fara ɗiga mata ɗigon ruwan tafki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai da ta ja da baya. Abin da ta ɗauka ruwa ne zalla ashe kasuwa ce, wasu kamar ƙwallo, wasu kamar zare, wasu na juyi. Waɗannan ƙananan tsirrai masu shawagi, dangin gansakuka, su ne matan madafa. Rana ce wutarsu, cefanensu kuwa iskar da muke fitarwa da gishirin da ruwan sama ya wanko daga ƙasa. Ƙananan dabbobi masu kama da ƙuma su ci su, 'ya'yan kifi da kawara su ci waɗannan, tsage da giwan ruwa su zo su ci kawara. Can ƙasa a cikin laka akwai masu wanke-wanke da shara, ƙwayoyin bakteriya da tsutsotsi da dodon koɗi, suna narkar da duk abin da ya mutu, suna mayar wa masu girki da gishirinsa, kamar yadda tokar murhu ke komawa gona.

Kowace uwa ta san tuwon da yaro ya ci ba duka ke zama tsoka ba, mafi yawansa a guje-guje yake tafiya. A 1942 aka buga binciken wani matashi, Raymond Lindeman, a kan wani ƙaramin tafki a jihar Minesota, kuma daga aikinsa aka samo ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai har yau: kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abinci ke hawa daga wannan mataki zuwa na gaba. Ke nan kilo ɗaya na giwan ruwa yana tsaye a kan kusan kilo 10 na ƙananan kifaye, su kuma a kan kilo 100 na abincinsu. Wanda ya gane wannan lissafi ba sai an yi masa wa'azi a kan raga mai idon gidan sauro ba. Kwashe 'ya'yan kifi da ita daidai yake da surfa irin shuka a yi tuwo.

Darasi na biyu lokacin dubawa ne. Gwaggo kan ce kada a yaba gida ranar suna, da asuba ake saninsa, kafin a yi shara, kafin kowa ya gyara fuska. Haka ruwa. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar oksijin da ta narke a ruwa, ita kuwa 'yar kaɗan ce. Lita ɗaya a zafin digiri 20 ba ta riƙe fiye da miligiram 9, in zafin ya kai digiri 30 sai ta sauko wajen 7.5. Da rana masu girki suna sakin oksijin, ruwa ya wadatu. Da dare wutarsu ta mutu, kowa na shaƙa babu mai zubawa, kamar ɗakin da mutum goma suka kwana an rufe taga. Kafin alfijir iskar ta kai maƙurar ƙaranci. Shi ya sa masu kiwon karfasa ke tarar da kifinsu a saman ruwa da sassafe suna wage baki. Irin su tarwaɗa da gaiwa ne ke da sauƙi, don Allah ya ba su hanyar shaƙar iskar sarari. Ɗalibar da ba ta zuwa tafki sai an tashi daga lacca da tsakar rana, gidan suna ta je, ta dawo tana yabo.

Awon wannan iska ma kamar girki yake. Hanyar da ake bi wani ɗalibi ne a Budafes, Lajos Winkler, ya fito da ita a 1888. Za a cika kwalba maƙil ba tare da ƙwayar iska ko ɗaya ba, a ɗiga sinadarai, ruwan ya yi gudaji ruwan ƙasa, a ƙara wani ya koma kalar shayi, a sa ruwan sitaci ya rikiɗe shuɗi, sannan a riƙa ɗiga maganin awo a hankali har shuɗin ya ɓace. Yawan abin da aka ɗiga shi ke faɗin yawan iskar. Yanzu akwai na'urorin da ake tsomawa su nuna lamba, amma malamai na dagewa a koyi ta hannu, saboda na'ura na iya yin ƙarya, kuma wadda ba ta iya hura icce ba ranar da gas ya ƙare gidan da yunwa zai kwana.

Sai ɗanɗano. Babu macen da ke shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa. Amma kafin ta ɗanɗana sai ta juya, don mai yana sama, kauri yana ƙasa. Tafki ma hawa-hawa ne. Duk yaron da ya yi wanka a kududdufi da bazara ya san ƙirji na cikin ɗumi ƙafa na cikin sanyi. Ruwan ɗumi ba shi da nauyi, sai ya yi zamansa a sama, ya bar na ƙasa babu iska, har sanyin hunturu ko guguwa ta zo ta gauraya su. Da yake babu ludayin juya tafki, dabara ita ce a ɗanɗana wurare da yawa: bakin gaɓa, tsakiya, inda rafi ke shigowa, kusa da mashayar shanu, sama da ƙasa, kowane wuri sau uku. Wannan ne asalin robobin da Gwaggo ta raina. Ita kanta in za ta sayi gero ba ta yarda da na bakin buhu, sai ta zura hannu har gwiwa.

Bayan ɗanɗano sai mudu. Kowa ya san rigimar da ke tashi in an ranci hatsi da kwano ɗaya aka zo biya da wani. Cikin kayan ƙanwata akwai wani faifai mai faɗin santimita 20, an raba shi gida huɗu, fari da baƙi, da igiya mai alamun awo. Ana zura shi a ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin, a jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta, a ɗauki tsaka-tsaki. Asalinsa daga wani limamin coci masanin taurari ne ɗan Italiya, Angelo Secchi, wanda ya gwada shi a teku a 1865. Darajarsa ita ce mudu ɗaya ne a hannun kowa, awon da aka yi a Tiga za a iya jera shi da na Kainji, na bana da na shekara ashirin baya. Kuma duk abin da aka auna a rubuta nan take, da fensir, don tawada na narkewa in ruwa ya taɓa ta. Kwanan wata, ƙarfe nawa, akwai hadari ko babu, har da garken da ya ratsa kafin a ɗiba. Uwar adashin da ta ce komai na kanta, wata uku ya yi yawa zumunci ya lalace.

Inda huɗubar Gwaggo ta fi nauyi, nan ma karatun ya fi nauyi, wato wajen zargi. A gidan yawa in miya ta yi tsami, kafin a buɗe tukunya ido ya riga ya tafi ɗakin kishiya. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma karin maganar bai faɗi sunan mai laifi ba. Mace mai hankali, in tana zargin daddawa, sai ta ɗora tukunya biyu, nama ɗaya, wuta ɗaya, kayan miya ɗaya, ta sa daddawar a ɗaya ta hana ɗaya. In ta sauya daddawa da mai da tukunya gaba ɗaya, ko miyar ta gyaru ba ta san dalili ba.

Haka aka yi da tafki sukutum a Kanada. An yi ta gardama a kan abin da ke sa tafkuna yin kore su yi wari. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki da ake kira Lamba 226, a lardin Ontariyo, da labulen roba. Duka ɓangarorin aka zuba musu sinadaran kabon da naitirojin, ɓangare ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Wanda ya sami fosfaras ya turnuƙe da kore, ɗayan ya tsaya kusan yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga sama ya taimaka wajen kafa dokokin rage fosfaras a garin sabulu da ruwan ƙazanta. Mu ma abin da ke faruwa ke nan in takin zamani da ruwan kwata suka kwarara kududdufi. Cefane ya yi wa masu girki yawa, su hayayyafa, su mutu, masu wanke-wanke su shanye iskar ɗaki wajen kwashe su, kifi ya wayi gari ciki sama. Ko babu kayan awo ɗalibi na iya shaida irin wannan gida daga mazaunansa: in ka yaye laka ka ga jajayen tsutsotsi sun yi yawa, sauran ƙwari sun ƙaura, ka san iska ta yi ƙaranci.

Sharaɗin cika shekara kuwa, Kogin Kwara ya isa misali. A Kainji, inda aka kammala madatsa a 1968, ruwa sau biyu yake cika. Akwai farar ambaliya ta ƙarshen damina, mai laka, daga ruwan saman yankinmu. Akwai baƙar ambaliya da ke isowa cikin hunturu, garau, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana ajiye lakarsa. Wanda ya zura faifai a Satumba da wanda ya zura a Janairu za su iya rantsuwa ba tafki ɗaya suka je ba. Shi ya sa cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin nazarin tafkin tun haihuwarsa, take da daraja ga ɗaliban da ake turawa koyon aiki: akwai tsofaffin littattafan awo. Wani gidan ma shekara ɗaya ba ta isa. Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, bayan farin 1973 da na 1984 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, daga baya ya ɗan farfaɗo. Kusan kashi 90 na ruwan da ke shigarsa daga kogin Shari da Lagone yake zuwa, wato rumbun gidan yana can kudu mai nisa. Wanda ya tsaya a Baga shekara guda ya yanke hukunci, tsakar gida kawai ya gani.

Akwai kuma darasin baƙo. An ce baƙo raɓa ne, amma wani baƙon da tabarmarsa yake zuwa. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka don a sami babban kifin kasuwa. Ya yi lamo kusan shekara ashirin da wani abu, sannan a shekarun 1980 ya mamaye, kuma ana ƙiyasin kusan jinsi 200 na ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina sun ɓace. A Argungu giwan ruwa ɗan gida ne abin alfahari, a can ya zama mai cinye 'ya'yan masu gida. Wani lokacin kuma sauya tsarin girki ne ke ba wani ɗan gida damar taka kowa. Fadamar Haɗeja da Nguru ta saba da cika da damina, bushewa da rani. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani. Kachala, wadda bushewa ke taka wa birki, ta sami yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki masu cin shinkafa. Ƙofar rumbu aka taɓa a Kano, kwano ya kife a Yobe.

Amarya mai wayo ba ta raina uwargida, ɗalibi mai wayo ma ba ya raina masunci. Tun kafin a gina jami'a, Sarkin Ruwa ya san watan da kifi ke ƙwai, kuma hana su a kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi, a Argungu inda bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, hikima ce da littattafan ƙanwata suka zo suka tarar. Masunci na duban launin ruwa ya ce yau ba a samu. Ido ba mudu ba, ya san ƙima. Abin da ɗalibi ya zo da shi mudun ne da littafin, don ranar da za a tsaya gaban masu buɗe ƙofar madatsa ko masu sakin ruwan jima a kogi, "tsofaffi sun ce" ba ya hana su barci, alƙaluman wata goma sha biyu kuwa suna yi.

Shi ya sa babban abin kunya a fannin nan shi ne ƙirƙiro alƙaluma. Ƙanwata ta ce kuɗin mota kan ƙare, sinadari kan yanke, ga ranar miƙa kundi ta matso, sai shaiɗan ya raɗa wa mutum ya zauna a ɗaki ya cike watannin da bai je ba. Wannan ita ce amaryar da ta aika aka sayo miya a kasuwa ta juye a kwanonta. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a yakan zauna kamar uwar miji, ya kai loma ɗaya ya tambaya, "Me ya sa iskarki ta watan Afrilu ta fi ta Janairu, alhali ruwan ya fi zafi?" In kin je da ƙafarki kina da amsa, ko da amsar ita ce abin ya ba ki mamaki ke ma. In kuwa ƙaryar ta tsallake, wani zai gina nasa binciken a kanta, wata rana a gina shawarar da za ta shafi abincin mutane.

Kwatancen Gwaggo yana da iyaka, ni ma na sani. Amarya na iya jan facala gefe ta tambaye ta, ruwa kuwa ba ya magana, sai an iya tsara tambayar da zai amsa da lamba. Amarya in ta gaji tana yaji. Mu kuwa babu gidan da za mu koma, a cikin wannan muke sha, muke wanki, 'ya'yanmu ke wanka su kwaso tsargiya daga dodon koɗin da ba mu taɓa kulawa da shi ba.

Ana gobe ƙanwata za ta koma makaranta, ta tashi da asuba za ta ɗebo ruwan kududdufin bayan gidanmu. Sai ga Gwaggo da mayafi da tocila, wai ba za a bar yarinya ta fita ita kaɗai ba. Na bi su. Muna tsaye a bakin ruwan, wari na tasowa, Gwaggo ta nuna da sandarta. Ta ce can gefen da bado ne fal, suna yara sukan ciro su ci. Nan kusa da tsamiya ake haƙo gaiwa da rani. Ruwan bai fara kore ba sai shekarar da aka karkato da kwatar sabuwar unguwa, kuma ta riƙe shekarar saboda a cikinta aka yaye ni.

Ƙanwata ta ajiye roba ta zaro littafi da fensir.

"Gwaggo, a hankali. Kafin kwatar ne bado ya fara raguwa, ko bayanta?"

Gwaggo ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Can ta ce, "Bayanta da damina biyu. Amma kada ki rubuta kwata ce ta kashe shi, don a shekarun ne kuma aka fara yanka bulo a gefen can. Rubuta duka biyun, ki je ki gwada."